Kilo Uku da Rabi

Litinin, lokacin hutun rana

Zuwa ga Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanenka da gadar nan taku da aka ce wata uku za ta ci, ga shi ta shiga na biyar. Yaya gwiwar? Kana shafa man da na sa maka a aljihun jaka, ko shi ma ka yi kyauta da shi kamar na farko? Auta ta kira daga makaranta, tana lafiya, tana gaishe ka. Ni ma lafiya lau, in dai wannan zaman ana kiransa lafiya.

Direbanku ya ce ƙarfe huɗu zai biyo ta asibiti ya karɓi saƙo, shi ya sa nake rubutu a kan kantar ɗakin magani, taga a rufe, masu layi suna hararata ta gilashi. Su harara. Har yau na kasa gane yadda mutanen da suka iya shimfiɗa ƙarfe a kan kogi suka rasa inda waya za ta kama. Amma ko ba komai, takarda ba ta cewa layin ba kyau daidai lokacin da na zo wurin da ba ka son ji.

To, ga labarin amanar da ka bar mini.

Buhu yana nan yadda ka san shi, sai abin da ya ƙaru. Ban taɓa ganin muzurun da sunansa ya dace da shi haka ba. Ranar Alhamis na goge farar rigar aikina na shimfiɗa a gado, na shiga wanka. Ina fitowa na tarar da shi baje a kai, ƙafafu sama, kamar don shi na goge. Haka na tafi aiki da jan gashi daga wuya har ƙugu, wata tsohuwa a taga ta tambaye ni ko rigar sanyi ce. Ranar Asabar ya ture gilashina daga kan tebur yana kallon ƙwayar idona. Ba kuskure ba ne, Injiniya. Ya sa hannu a hankali, ya tsaya ya tabbatar ina gani, sannan ya ƙarasa. Jiya kuma ƙadangare na tarar a cikin takalmina, rabi da rai. Kai za ka ce kyauta ya kawo mini. To na gode, ya kai wa wanda ya raine shi.

Toka kuwa ba ta ɓarna, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Zama take yi a saman kwaba tana duba yadda nake shara, da irin kallon nan na marigayiya Inna, wanda ba ya cewa kin yi ba daidai ba, sai dai ya nuna an taɓa ganin wadda ta fi ki iyawa. Na san abin da kyanwar nan take a wurinka, ba sai ka sake rubuto mini ba. Sau uku ke nan kana ja wa maganar layi a ƙasa. Na san daga ɗakin mahaifiyarka ita kaɗai ce ta rage mai numfashi. Na san a kan ƙafar Inna ta kwana har ranar ƙarshe, na kuma ji da kunnena lokacin da Inna ta ce ka riƙe mata ita. Ina wurin, da kofin ruwa a hannu, ba wanda ya ce a riƙe ni. Ka kwantar da hankalinka, yadda ka bar ta haka za ka zo ka same ta.

Zan faɗa maka wani abu, amma in ka maimaita a gaban Auta zan musa. Shekaranjiya da yamma ina karatu a kicin, sai na ga Buhu a ƙasa yana kallon saman firji. Ya ɗan duƙa, ya motsa ɗuwawu sau biyu, sai kawai na gan shi a sama. Tsakanin nan da can ban ga komai ba. A saman firjin akwai kwalbar zuma, da kofuna uku a kife, da kwandon ƙwai. Wurin da ya rage bai fi tafin hannuna ba, kuma nan ya sauka, ko ƙarar kofi ban ji ba. Wannan ƙaton malalacin. Ku da na'urorinku wata biyar kuna auna kogi ɗaya, shi ya auna da ido cikin daƙiƙa biyu, ya haɗa da nauyin tumbinsa, bai kuskure ba. Na rufe littafin na daɗe ina kallonsa. Daga baya na ɗauko littafin halittu na Auta na duba, wai a kowane kunnen kyanwa akwai tsoka kusan talatin. Talatin, don kunne guda. Ni da nawa ko motsi ba sa yi nake musu tsawa. Halitta kam an yi ta a nan, na yarda. Hali ne dai babu.

Sai ƙaramin abu guda. Jiya Toka ta diro daga kwabar ta sauka ba daidai ba, tun lokacin tana ɗingishi da ƙafar baya. Na taɓa, babu karaya, tsufa ne da targaɗe. Na san da kana nan da ka naɗe ta a tawul ka ƙetare gari zuwa asibitin dabbobi, a yi ta shafa ta ana lallashi. Ni shekara ashirin da uku nake auna wa jarirai magani, ba a taɓa dawo mini da kwalba ba. Na hau sikeli da ita, na sauka na hau ni kaɗai, na cire: kilo uku da rabi, daidai jaririn da aka haifa yau. Na lissafa mata farasitamol na ruwa, na yara, na sake lissafawa kamar yadda nake tilasta wa kowa a nan, na ɗura mata da sirinji kafin in fito. Da yamma zan ƙara mata. Ka ga an huta da neman tasi.

An fara ƙwanƙwasa gilashi. Ka ci abinci, ka daina tsayawa cikin rana ba hula.

Taka,
Barkono


Talata

Injiniya,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Toka tana asibitin dabbobi, rai a hannun Allah, kuma ni na kai ta ga haka. Maganin da na yi maka alfahari da shi a takardar jiya guba ne a jikin kyanwa. Sau biyu na ba ta. Na so in kawo maka maganar a hankali, sai na tuna ni ce ke cewa mai ba da magani ba ya kwana-kwana.

Jiya da na dawo na same ta kwance shiru, na ce magani ya kama, na ƙara mata na biyun ina yaba wa kaina. Yau da safe ban gan ta a saman kwaba ba. A bayan injin wanki na same ta, fuska ta kumbura har idanu sun shige, ƙafafun gaba kamar an hura, tana numfashi baki a buɗe. Na ɗaga leɓenta. Dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koma ruwan ƙasa, kamar shayin da ya kwana. Tawul ɗin da na yi maka ba'a da shi, a ciki na naɗe ta.

Likitar mace ce, da kaɗan ta girmi Auta, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta tambaye ni ko Toka ta ci wani abu, ko an sa maganin ɓera a gidan. Na ce ni gidana ba a barin abu a ƙasa, ba abin da ya shiga cikinta sai abinci da maganin ciwo, na kuma karanto mata nauyi da awo da lokaci, ina jira ta ce madalla. Sai na ga biro ya tsaya.

"Mama, farasitamol kika ce?"

Na ce shi, kuma in tana shakkar lissafina ga takarda ta gwada. Ka san muryar da nake yi. Ita ba ta ɗaga tata ba.

"Lissafinki daidai ne, Mama, da jariri ne. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi. Babu awon da ba ya cutar da ita."

Ta ɗebi jini a gabana. Injiniya, na ga jini iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin wannan ba. Ruwan laka ne ya hau sirinjin. Ta ce maganin ya lalata abin da ke ɗaukar iska a cikin jinin, shi ya sa Toka ke jan numfashi iya ƙarfinta amma kamar an danna ta a ruwa. Iska cike da ɗaki, tana shiga huhunta, babu mai kai ta gaba. Na tsaya ina kallon sirinjin. Duk shekarun nan na ɗauki jiki kamar kwano ne, babba da ƙarami, ka auna girmansa ka zuba. Ashe kowace halitta da nata ɗakin maganin a ciki, da nata dokokin, kuma ba wanda ya shawarce ni da aka tsara su. Na karanta tarihin annoba, na karanta rayuwar masu binciken magani, takardar cikin kwali kuwa na haddace ta. Ban taɓa ganin inda aka ce kada a ba kyanwa ba, don ba wanda ya zaci za a samu mai ilimin da ya kai ta yi wannan wautar. Da jahila ce da ta tsaya ta yi tambaya.

Suka sa ta a akwatin iska, aka ɗaura mata ruwa. Sai likitar ta ce akwai makari, amma nasu ya ƙare, wanda suka aika a kawo sai jibi, Toka kuma ba ta da jibi. Ta faɗi sunansa. Na san shi. Shi muke ba mutanen da suka sha farasitamol ya wuce kima. Yana kabad ɗinmu na kulle, layi na uku daga sama. Makullin kuma yana aljihun Dogo.

Ka tuna Dogo, abokin aikina. Shekara takwas da suka wuce ya rubuta awon babba a kwalbar yaro, na kama kafin ta fita taga. Da na ja shi gefe da ya wadatar. Ban ja shi ba. Na ɗaga kwalbar na karanta da ƙarfi a gaban ma'aikata da masu layi, na tambaye shi ko a kasuwa ya sayi takardar shaidarsa. Tun ranar tsakanina da shi sai ina kwana. Yanzu shi ke kula da sito, ba abin da ke fita daga kabad ɗin sai an cike fom ya sa hannu.

Na kai masa takardar likita, na cike fom ɗin a tsaye. Sunan majiyyaci, Toka. Shekaru, goma sha huɗu. Ya karanta ya ce a wane ɗaki aka kwantar da yarinyar, me ya kai ta shan magani haka, iyayenta suna ina. Ɗakin cike yake da ma'aikata. Na ce ba yarinya ba ce, kyanwar mijina ce, kuma ba ita ta sha ba, ni na auna na ba ta, sau biyu. Na faɗa da irin ƙarfin da na karanta kwalbarsa, don bai kamata nawa ya fi nasa sirri ba. Sannan na tsaya ina jira. Shekara takwas ya samu na shirya abin da zai ce.

Ya dube ni, ya dubi agogon bango, ya ciro makulli. Ya haɗa da allurai mafi ƙanƙanta da muke da su, waɗanda ban ma tuna in roƙa ba. Abin da ya ce kawai: "Anti, taho in kai ki, tasi zai ɓata miki lokaci." Duk hanya inda zai karya kwana kawai yake tambaya. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Mutumin banza, ko ramuwa bai iya ba.

An yi wa Toka allurar farko ƙarfe sha ɗaya. Yanzu ina kan bencin waje tsakanin wani mai kare da wata mai zomo, ina rubutu a kan gwiwa. Likita ta ce ba ta yi mini alkawari ba. Direba sai Alhamis, don haka yau da gobe kana can kana karanta waccan takardar kana dariya. Ka yi mata addu'a, ko da yake kafin wannan ta iso ka duk abin da zai faru ya faru.

Matarka


Alhamis

Zuwa ga Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Da farko dai, tana da rai. Ban ce ta warke ba.

Takardarka ta iso da safen nan. Ka kira ni babbar likitar gidanmu, ka ce da Inna ta gani da ta sa mini albarka, har ka zana Buhu cikin farar riga. Na karanta a bakin ƙofa, direba yana jira in yi dariya. Ba zan ɓoye maka ba, ta ranar Talata tana cikin jakata, kuma na yi tunanin in yage ta in rubuta maka cewa Toka ta ɗan yi rashin lafiya irin ta tsufa. Da ka yarda. Kai duk abin da na faɗa a kan magani yarda kake yi. Ga su nan duka biyun a ambulan ɗaya, na sa wa waccan lamba ɗaya.

Jiya da safe kumburin ya ragu, har na fara murna, sai likita ta nuna mini wata 'yar siririyar kwalba ta ce in dubi jan da ya kwanta a ƙasa. Kaɗan ne ƙwarai. Ƙwayoyin jinin da maganin ya taɓa suna fashewa, jikin kuma bai kai ga yin sababbi ba. Ta ce sai an ƙara mata jini, su kuma ba sa ajiye na kyanwa. Ta tambaye ni ko na san inda za a samu wata, babba, lafiyayya, mai jiki.

Na ce ina da wani a gida wanda in ban da jiki ba abin da yake da shi.

Kama shi ya ci mini minti arba'in da labule guda. Kwandon wanki na kife masa daga ƙarshe, na ɗaure da igiyar shanya, mai tasi yana ta waiwaye yana tambaya ko na tabbata kyanwa ce. A sikelin likita kilo shida da ɗoriya. Ta ce su ma jininsu rukuni-rukuni ne kamar namu, in bai dace ba zai iya kashe ta nan take. Ta ɗiga nasa ta ɗiga nata a kan kati, muka sunkuya mu biyu muna kallo. Ya dace. Ba uwa ɗaya ba, ba uba ɗaya ba, shi ɗan bola da ka tsinto a bayan gareji, ita 'yar ɗaki, shekara uku tana yi masa huci in ya matso kusa da kwanonta.

Aka yi masa allurar barci, aka aske masa wuya. Ban san dalili ba, ganin fatar nan fara sol tana bugawa shi ya sa na nemi kujera. Sai jinin ya taho. Injiniya, ja ne. Bayan kwana biyu ina ganin laka, na manta akwai ja irin wannan a duniya. Duk naman da ya sata, duk barcin da ya yi a kan kayana, ashe wannan yake haɗawa a ɓoye, bai ma san yana yi ba. Abin da aka ɗiba bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Likita ta ce ya isa.

Awa huɗu ana sa mata, ɗigo-ɗigo. Sun bar ni na zauna kusa da kejin da take ciki da sharaɗin in yi shiru, kuma na yi, ka rubuta ranar. Na bi jan da ido tun daga sirinji, ta cikin siririn bututu, har inda ya shige ƙafarta. Shekara da shekaru ina miƙa magani ta taga, mutum ya karɓa ya juya baya, ban taɓa zama na ga abin da ke biyo baya ba. Ba a ganin komai. Numfashin da ke fita da gudu ne ya dinga lafawa kaɗan-kaɗan har na daina ƙirgawa. Wajen awa ta uku wani ya yar da faranti a ɗakin baya, sai kunnenta na dama ya juya can, shi kaɗai, ita ko ido ba ta buɗe ba. Ban san lokacin da na kama hannun likita ba.

Buhu ya farka ya ci kwano biyu, ya nemi na uku. Yanzu yana gida yana yawo da askakken wuya kamar an fara yanka an fasa. Ɗazu ya hau farar rigata, na ɗauko wata.

Likita ta ce saura hanta. Kwana biyu ko uku za su nuna ko ta tsira. In idanun suka yi rawaya, to, sai haƙuri. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Dogo ya karɓi tagata ba tare da na roƙa ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da Inna ta ce ka riƙe mata kyanwar, na ji haushi don na san da ni take: ba ta yarda ni in riƙe ba. Shekara uku ina cewa a raina tsohuwa ta zalunce ni. Jiya a gaban kejin na janye ƙarar.

Ba na neman ka ce komai yanzu. Allah Ya tsare.

Matarka


Litinin

Zuwa ga Injiniya,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ba ta san da wace fuska za a karɓa ba. Ina fatan kana lafiya, gwiwa ta yi sauƙi.

Direba ya zo hannu rabbana. Na tsare shi a ƙofa sai da ya faɗa mini: wai a tsaye ka karanta jikin mota, ka ninke, ka sa a aljihu, ka koma bakin kogi, ba ka ci abincin rana ba, washegari ka nemi izinin kwana uku, tare za ku taho ranar Alhamis. Shi ya sa nake rubuta wannan, don kada ka yi doguwar hanyar nan da abin da ba haka yake ba a ranka.

Toka tana gida tun Asabar. Idanun ba su yi rawaya ba. An sake gwajin jini da safen nan, likita ta duba takardar sau biyu, ta ce hantar ta ji jiki amma tana farfaɗowa, wai ita hanta tana iya sake gina inda ya rushe in aka ba ta lokaci. Ban san wa ya ce mata ta fara ba. Ni dai ban sa hannu ba, kuma ina ganin shi ya sa aikin ke tafiya. Ta rame, ƙafa biyu a aske, tana tafiya tana bin bango. Ɗingishin da ya jawo duk wannan kuwa ya warke da kansa, ba wanda ya lura da ranar.

Abin da nake so ka sani shi ne na ranar Asabar. An sallame mu da maganin ruwa, a ba ta ta baki, da sirinji. Irin sirinjin, a kicin ɗin, a kan teburin. Na karanta takardar sau huɗu, na kira likita ta maimaita mini, na ja maganin, sai na kasa auna shi. Ni. Ya zube a tebur, na sake ja, ya sake zubewa. Na ce a raina ai ta sani. Dabbar da ke jin an buɗe firji daga ɗaki na uku ba za ta manta hannun da ya danne ta ya ɗura mata mutuwa ba. Tana ganina za ta ɓuya, kuma tana da gaskiya. Na zauna a ƙasa, sirinji a hannu, ban kira ta ba don ba ni da bakin kira.

Ita ta taho. Ta ɗauki lokaci, ta huta sau ɗaya a hanya. Ta shinshina sirinjin ta kau da kai, don ba wawiya ba ce. Sannan ta shinshina yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta sa goshi a tafin hannuna ta tura da ɗan ƙarfin da ya rage mata, sai na ji wannan ƙaramin injin na ƙirjin kyanwoyi ya tashi, tana gurnani. Shekara uku muna gida ɗaya ba ta taɓa yi mini ba. Na ba ta maganin. Ta yi fama, ta yakushe ni a wuyan hannu, ta koma gefe ta wanke fuska, bayan minti biyar ta dawo ta jingina da cinyata ta yi barci.

Na yi ta juya abin. Ba zan ce ta yafe mini ba, don mai yafewa sai ya fara riƙewa, ita kuma ban ga alamar ta riƙe ba. Ban san sunan abin da ta yi ba. Na duba littattafan gidan nan, babu shi. Na san dai ni ba ni da shi, ko kuwa an ba ni na bar shi ya mutu don rashin amfani, sai ga shi ina kusa da hamsin wata tsohuwar kyanwa askakkiya ta nuna mini shi a ƙasan kicin. Kowace safiya ina ɗaga leɓenta in duba. Yau launin ya dawo sosai. Na daɗe ina kallo har ta gaji ta ƙwace.

Saura kai. Likita ba ta yi mini faɗa ba, ta ce ba ni ce ta farko ba, ta ma roƙe ni in rubuta gargaɗi a manna a tagarmu. Na rubuta, Dogo ya gyara mini kalma ɗaya, na bar gyaran. Auta ta yi kuka a waya sannan ta ce in ci abinci. Kowa ya bi ni da alheri har na rasa inda zan sa kaina. To kai kada ka kuskura. Amanar mahaifiyarka ka ba ni, na kusa kashe ta don na fi ƙarfin in yi tambaya. Na san ka, za ka shigo ka ajiye jaka ka ce ai ya wuce, Allah Ya kiyaye gaba. In ka yi haka ba zan yafe maka ba. Ka zo da faɗanka cikakke, tun daga mota ka fara shirya shi, in ka rasa kalmomi ina da su zan ara maka. Shekara ashirin da shida ni ke yi kai ke ji. Sau ɗaya dai a gidan nan a yi wa wadda ta cancanta.

Amma ka yi shi a hankali, kuma a baranda. Yawanci da rana Toka tana barci, likita ta ce kada a tayar da ita.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Barkono